Farantin da Aka Ture a Gidan Ersilia

Kakata Ersilia ba ta taɓa yarda cewa akwai mutumin da ba ya jin yunwa ba. A wurinta mutane kashi biyu ne: wanda ya ci da wanda bai ci ba tukuna. Mu jikokinta Nonna muke ce mata, sauran gari kuwa Sinyora Ersilia. Duk wanda ya taɓa zama a gidan abincinta da ke bakin dandali ya san faranti ba ya komawa madafa da saura. In ya koma, ita ma za ta fito tana goge hannu a ƙugu, ta tsaya a kanka ta ce, "Me na yi maka?"

Ni ake turo wa baƙi in sun tambayi labarin fim ɗin nan da aka ɗauka a gidan abincinmu, domin ni na zauna na ji shi daga bakin kowa tun ina sakandare. Kakana Nazzareno yana ƙara masa gishiri, Nonna kuwa tana tsallake duk inda ba ta yi nasara ba. Abin da zan faɗa shi ne inda maganarsu ta haɗu.

An haifi Nonna a unguwar masunta, a gida mai 'ya'ya mata da yawa da tukunya ɗaya. Tun tana hawa akwati don ta kai tebur take murza ƙullun taliya. Ta auri kakana yana da jirgin kamun kifi, yaƙi ya zo ya wuce da jirgin. Da ƙura ta lafa ba su da komai sai hannunta da bakinsa. Suka ari tebura daga coci, suka buɗe ƙofa. Ita tana dafawa, shi yana kaiwa yana zuba wa mutane labari. Abin da ya yi mata suna shi ne taliyar hannu da miyar kifi, wadda take haɗawa da duk abin da taru ya kawo da safe, da tumatir da tafarnuwa da man zaitun na ƙauyen mahaifiyarta.

A ɗaya gefen dandalin akwai gidan abincin Egisto, gajere mai tumbi, mai murya kamar ta zakara. Shi da Nonna ba su taɓa gaisawa ba tare da baƙar magana ba. Shi yana cewa rabin gishirin teku a tukunyarta yake ƙarewa. Ita tana cewa kifinsa ya fi fada, limamin cocinmu, tsufa.

A ƙarshen lokacin zafi na shekarar 1961, bayan masu hutu sun watse, manyan motoci suka shigo daga Roma ɗauke da fitilu da wayoyi. Shugabansu wani dogo ne mai baƙin tabarau, sunansa Barbanti, kowa yana ce masa Dottore, wato likita, ko da yake bai taɓa duba marar lafiya ba. Ya leƙa gidan Egisto, ya leƙa namu, ya tsaya a barandarmu mai kallon teku ya ce nan yake so. Kakana bai bari ya rufe baki ba ya amince. A ranar ya hau tsani ya sake fentin allon ƙofa da manyan jajayen haruffa, yadda ko daga cikin teku za ka karanta sunan Ersilia.

"Wane irin fim ne?" Nonna ta tambaya daga madafa.

"Na soyayya, Ersi!"

Shi ke nan abin da aka tambaya. Nonna ta ɗauka biki za a yi a ƙarshe, har ta fara tunanin abincin mutum ɗari.

A zamanin ba a ɗaukar murya a wurin aiki, sai an koma Roma ake sa ta. Saboda haka ba wanda ya ce wa kowa ya yi shiru. Rabin gari ya taru a bayan igiya, mata da kwandunan cefane, tsofaffi da kujerunsu, Egisto a sahun gaba ya harɗe hannu. Jarumar fim ɗin, Nives, siririya ce mai manyan idanu. Jarumin kuwa, Oreste, yana da wani siririn gashin baki da Nonna ta tsana tun ganin farko. Aka zaunar da su a teburin kusurwa. Kakana, wanda aka bari ya fito a matsayin kansa, ya sha man gashi har yana ɗaukar ido, ya kawo faranti biyu suna tururi.

Kyamara ta fara juyawa. Oreste ya yi magana ƙasa-ƙasa. Nives ta kalli teku. Ta ɗauki cokali mai yatsu, ta naɗe taliya a hankali, ta ɗaga. Nonna tana bakin ƙofar madafa tana gyaɗa kai. Sai Nives ta ajiye cokalin, ta sa yatsu biyu ta ture farantin, ta tashi ta yi tafiyarta.

"Yanke!" in ji Dottore. "Madalla."

Kafin ya sauke hannu Nonna ta tsallake wayoyi ta tare yarinyar.

"'Yata, me ya faru? Gishiri ne?"

"Haba Sinyora, ƙamshin nan ya kusa kashe ni. Haka aka rubuta."

"Wa ya rubuta?"

Dottore ya cire tabarau, ya yi mata bayani cikin ladabi. Waɗannan biyu sun daɗe suna soyayya, yanzu abin ya mutu, babu faɗa, babu laifin kowa. A wannan tebur ne matar take gane cewa ta gama.

"To ta rabu da shi mana!" in ji Nonna. "Ni ma da ni ce da na rabu da shi, dubi abin da ya ajiye a ƙarƙashin hanci. Amma taliyar me ta yi mata?"

"Sinyora, macen da zuciyarta ta mutu ba ta cin abinci."

"Dottore, ranar da aka binne uwata faranti biyu na ci ina kuka. Wa ya gaya maka baƙin ciki yana toshe maƙogwaro?"

Daga bayan igiya muryar Egisto ta taso: "Ersilia, ƙyale yarinya! Tana da sauran aiki a Roma, ba ta shirya mutuwa a nan ba!"

Dandali ya ɗauki dariya. A nan ne Nonna ta juya ta dubi inda kyamara take, ta dubi teburin, ta ɗaga kai ta ga jajayen haruffan da mijinta ya rangaɗa. Ta gane. Duk ƙasar Italiya, daga Milano har Palermo, za ta zauna a sinima ta karanta sunanta, sannan ta ga mace ta ture abincinta ba ta ɗanɗana ba. Sunan da ta gina da murza da ƙonewar yatsu, yatsu biyu za su ture shi.

"A sauke allon," ta ce.

Dottore ya buɗe hannuwa. An riga an ɗauki Nives tana shiga ta ƙarƙashinsa tun jiya. Nonna ta nemi kakana da ido, amma shi ya tuna yana da aiki a ɗakin ajiyar kwalabe.

Da rana Nives ta sulale madafa, ta cire takalma, ta zauna a kan buhun gari ta cinye faranti biyu, ta suɗe miyar da burodi. Nonna ta zuba mata ido, rabi daɗi rabi haushi.

"Nan wa ya gan ki?"

"Sinyora, ni abin da aka ce in yi nake yi."

"Loma ɗaya. Ki tauna, ki lumshe ido, sai ki ture. Kowa zai san laifin mai gashin baki ne."

"In na yi haka Dottore zai ce a sake."

Nonna ta koma wurin Dottore da kofi a hannu da murya mai taushi, abin da kakana ya rantse bai taɓa samu daga gare ta ba. Loma ɗaya take roƙo. Dottore ya sha kofin, ya yabe shi, ya ce a'a. Sai gajimare ya rufe rana, aka ce a tashi, gobe da tsakar rana za a sake ɗauka.

Wannan shi ne wurin da Nonna take tsallakewa in tana ba da labari, don haka daga bakin kakana da na ƙanwarta Zelinda na same shi. A gidan Zelinda aka sauki Nives. Nonna ta je ta ja ƙanwarta gefe. Da yamma aka ce wa baƙuwa murhu ya lalace. Da safe aka ba ta baƙin kofi, aka ce burodi ya ƙare. Ta fita neman abin taɓawa, mai gidan burodi ta ce duk na oda ne, mai shagon kusurwa ya ce bai ga mabuɗin akwatin biskit ba. Ta zo madafarmu ta tarar da ƙofa a sakaye. Dabarar Nonna ita ce, in yunwa ta yi yunwa, ba Dottoren da zai hana loma shiga baki.

Ita kuwa ranar ta yi girkin da ba ta taɓa yi ba. Da kanta ta je bakin ruwa ta zaɓi kifi, ta ƙara jatan lande, ta murza ƙullu har kana ganin zanen katako ta cikinsa. Da aka ajiye farantin ta tsaya a bakin taga tana kaɗa ƙamshin da murfin tukunya zuwa teburin kusurwa.

Kyamara ta juya. Nives ta naɗe taliya, ta ɗaga. Wannan karon cokalin ya kai dab da leɓenta, idanunta suka cika da hawaye.

"Ci!" Nonna ta ƙwalla. "Ci, 'yata!"

Matan da ke bayan igiya suka amshe: "Ci! Ci mana!"

"Ajiye!" Dottore yana ihu daga bayan kyamara. "Nives, ajiye!"

Ta ajiye. Ta ture farantin, ta tashi. Da ta kai bakin baranda sai ta waiwayo, abin da ba a rubuta ba, ta yi wa teburin wani irin kallo mai tsinka zuciya, sannan ta tafi.

Dottore ya jefar da hularsa sama. "Wannan kallon! Kun gani? Wannan kallon shi ne fim ɗin!"

Daga baya jaridu sun rubuta cewa ba a taɓa ganin mace ta kalli namiji haka ba. Duk garinmu ya san ba Oreste take kallo ba. Nonna ta ja yarinyar madafa, ta ciyar da ita har ta kasa tashi, tana zuba mata ƙari tana masifa: "Taurin kai kamar jakin mai gawayi. Ci, Allah ya shirye ki."

Fim ɗin ya iso sinimar garinmu cikin sanyi, ranar wata Lahadi da la'asar. Ba masaka tsinke. Nonna ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci. Da allon ƙofarmu ya fito aka yi tafi, da kakana ya fito da kansa mai ƙyalli aka yi fito. Muryar da ke fitowa daga bakin Nives ma ba tata ba ce, ta wata ce a Roma. Sai ga faranti ya cika bango, ga yatsu biyu.

Egisto ya miƙe tsaye cikin duhu. "Jama'a, ku shaida! Ba ni na faɗa ba, Roma ce ta faɗa!"

An yi dariya har ba wanda ya ji sauran maganar fim ɗin.

Wasa aka ɗauke shi, amma wasan ya yi tsawo. Mutanen da suka shekara suna cin abincinta sai su zo su zauna, su kalli teku, su sa yatsu biyu su ture faranti, abokai su ƙyalƙyale, sannan su jawo su ci. Mai kai wasiƙu ya gwada, Nonna ta zo ta ɗauke farantin, ya koma gida da yunwa. Daga nan ta daina fitowa daga madafa. Kakana ya ce waƙar da take yi in tana murza ƙullu ta ɗauke, har ma ta bar tanka wa Egisto, wanda shi kansa abin ya fara damunsa, don ba daɗi mutum ya yi ta jifa ba a ramawa.

"'Yan gari sun san hannuna," ta ce wa kakana. "Baƙi fa? Wa zai taso daga nesa ya ci abin da ya ga an ture? Bari bikin Ista ya wuce. In ba su zo ba ka sauke allon nan, mu mayar wa coci teburansu."

Ista ta wuce da 'yan kwanaki, sai ga wata ƙaramar mota mai lambar Milano ta tsaya a dandali. Mace da namiji suka fito, dukansu matasa, dukansu da baƙin tabarau. Suka ɗaga kai suka karanta allon.

"Nan ne?" matar ta tambayi kakana.

"Nan ne me, Sinyorina?"

"Teburin. Na fim."

Ya kai su kusurwa jiki na rawa. Suka ce a kawo abin da aka kawo a fim ɗin. Ya kawo, ya ja gefe yana murmushi. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Matar ta kalli teku, ta naɗe taliya, ta ɗaga, ta ajiye. Yatsu biyu. Ta miƙe ta ɗauki jakarta.

Kakana ya faɗa madafa a guje. "Ersi, an sake turewa!"

Kafin matar ta kai matakala ta tarar da Nonna ta cika hanya, garin fulawa har gwiwar hannu.

"Ina zuwa?"

"Sinyora, yi haƙuri. Mun gama ne."

"Kin gama da shi. Da ni ba ki gama ba."

"Ba na jin zan iya..."

"Nan ba kyamara, ba Dottore. Ki rabu da shi, ban hana ba, ban ma san shi ba. Amma zauna tukuna." Ta juya ga saurayin, wanda ya saki baki. "Kai kuma ɗauki farantinka ka koma wancan teburin, ka ba ta bayanka. Nazzare, kawo burodi."

Matar ta zauna, don ba wanda Nonna ta taɓa ce wa zauna ya ci gaba da tsayuwa. Ta cire tabarau, ashe idanun sun kumbura da gaske. Ta kai loma ta farko tana kuka. Ta kai ta biyu tana kuka. Wajen tsakiyar faranti kukan ya tsaya, cin bai tsaya ba. Ta ɗago ta ce a hankali, "Ko akwai cuku?"

Nonna ta dafe ƙirji. "Cuku? A kan kifi? Lallai yaron nan ya taɓa miki ƙwaƙwalwa. Gara da kika bar shi."

Matar ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Daga can teburin saurayin ya ce, "Ni ban taɓa sa cuku a kifi ba, Sinyora!"

"Kai aka tambaya? Ci!"

Sun rabu ɗin. Shi ya ja motarsa, ita kakana ya raka ta tashar jirgin ƙasa da ƙunshin burodi. Nonna kuwa ta ɗauki faranti biyun nan, an suɗe su tas kamar an wanke, ta ɗaga su sama ta ratsa dandali a hankali yadda kowa zai gani, ta dire su a gaban Egisto.

"Wannan kuma Milano ce ta faɗa."

Egisto ya duba wannan, ya duba wancan. "Mutanen Milano me suka sani? Shinkafa suke ci."

"Tsohon banza."

"Barka da dawowa, Sinyora," in ji shi, kuma kakana ya ce har hula ya ɗaga.

Ba a sauke allon ba. Lokacin zafi na shekarar sai ga su suna zuwa, daga Torino, daga Bologna, har daga Faransa: masoyan da abin ya ƙare musu, suna so su yi sallama a inda suka ga an yi ta da kyau. Kowa ya zo da niyyar ture faranti, kowa ya tarar da Nonna a bakin matakala. Wasu sun ci sun rabu, wasu sun ci sun nemi kofi sun zauna har aka fara share ƙasa, suka fita mota ɗaya. Na taɓa tambayarta su wa suka fi yawa. Ta ce ita ba fada ba ce, gyaran aure ba aikinta ba ne. Egisto ya fitar da nasa tebur kusurwa, ya sa masa fure, yana kiran masu wucewa, "Nan ma ana rabuwa, kuma da ɗan gishiri kaɗan!" Ba wanda ya taɓa zama sai shi.

Yanzu mahaifiyata ce a madafa, ni nake kai faranti. Nonna tana zama a kujera bakin ƙofa tana duba duk abin da ya fita da duk abin da ya dawo. Egisto yana nasa gefen da sanda, ɗansa ke riƙe da gidan. Ba sa jin juna sosai, saboda haka zagin ya ƙara ƙarfi.

Watan jiya wasu yara biyu suka hau barandarmu riƙe da hannun juna, suna tafiya suna karo da kujeru don ba wanda ke kallon gabansa. Na ɗauko musu burodi, Nonna ta riƙe mini riga.

"Tura su wurin Egisto."

"Haba Nonna, ga tebur a sake."

"Dube su da kyau. Masu sabuwar soyayya ba sa jin ɗanɗano, asarar miya ce. Tura su can, shi ma bawan Allah ya samu wanda zai yabi girkinsa kafin ya mutu."